Ƙulli Uku a Bakin Buhu

Tun ranar da aka kira ta intabiyu, Uwar Wanki ba ta sake shan shayi da zafinsa ba. Da ta ɗauki kofi sai Auta ta ɓullo da takardar nan tata mai tambayoyi goma sha biyu, ta ɗare hannun kujera, ta gyara murya kamar mai karanta labaran duniya. Kwana shida ke nan ana wannan karatu. Auta ita ce 'yarta ta ƙarshe, ta yi digiri, tana aiki a wani ofishi mai bene, ta kuma zauna intabiyu har sau huɗu, don haka a gidan nan ba wanda ya isa ya ja da ita a wannan fanni. Uwar kuwa shekara ashirin da biyu ta yi a gidan wankin kayan asibiti, goma sha biyar daga ciki tana shugabar ma'aikata, amma ba a taɓa zaunar da ita gaban teburi an yi mata tambaya ba. Ranar da ta je neman aikin, zanen gado aka miƙo mata aka ce ta ninke. Ta ninke, aka ce ta dawo gobe.

Wata biyar da suka wuce mai gidan wankin ya sayar da ginin, aka kwance injuna, ma'aikata suka watse. Uwar Wanki ta dawo gida ta zauna, zaman da ya fi kowane aiki gajiyar da ita. Ta wanke labulen gidan sau uku. Ta goge kayan maƙwabta ba tare da an roƙe ta ba, har matar gidan gaba ta fara ɓoye kayanta don kunya. Sai ga wani sabon kamfani ya gina ƙaton gidan wanki a bayan gari, yana neman shugaban sashen kayan asibiti. Wannan aiki take so, so kuwa na gaske. Shekararta hamsin da ɗaya, ta san in wannan ya wuce ta, da wuya wani ya sake buɗe mata ƙofa.

"Tambaya ta bakwai," in ji Auta, da safiyar ranar. "Ki ba mu labarin gogewarki wajen aiki da mutane masu bambancin yare da addini da al'ada."

Uwar Wanki ta ajiye kofi, ta dubi silin. "Na yi imani cewa bambanci ƙarfi ne, domin kowane mutum yana da... yana da me ma?"

"Gudummawar da zai bayar! Haba Mama, jiya fa kin iya."

"Jiya ma ba iyawa na yi ba, tausayinki na ji." Ta kurɓi shayin, ya riga ya huce. "Ni fa da za ki bar ni, labarin Baƙo zan ba su. Shi ne abin da na sani."

Auta ta dafe ƙirji. Tana 'yar shekara goma sha bakwai lokacin da abin Baƙo ya faru, ba ta kuma manta yammacin da uwarta ta shigo gida ido jawur, ta ƙi cin abinci, ta ce ta zalunci bawan Allah ba. Iyakar abin da Auta ta sani ke nan, kuma a ganinta ya isa.

"Mama, don Allah na roƙe ki. Wa ke zuwa neman aiki ya tona wa kansa asiri? Mutanen nan abin kirki suke son ji. Ki faɗi abin da na rubuta kawai, ki yi murmushi, ki yi shiru. Ki yi mini alkawari."

"Na ji."

"Na ji ba alkawari ba ne."

"To shi za ki samu," in ji uwar, ta tashi neman mayafi. Da Auta ta shiga kicin, sai ta jawo durowar gefen gado, ta ɗauko wata guntuwar igiya da ta yi duhu don shan hannu, ta cusa a ƙasan jaka. Ita kanta ba ta san abin da za ta yi da ita ba.

A ɗakin jira na kamfanin mutum shida ta tarar, ita ce ta bakwai. Kowa da kwat, kowa da fayil mai kauri a kan cinya, wani ma nasa har da zik. Nata fayil ɗin takarda uku ce a ciki, ɗaya daga ciki wasiƙar yabo da tsohon mai gidanta ya rubuta da hannu. Ta dubi hannayensu ɗaya bayan ɗaya, halin da ba ta iya bari. Sumul-sumul, ba wanda ruwan zafi ya taɓa gaisawa da shi. Ta dubi nata, ta tura su ƙarƙashin mayafi, sannan ta ji haushin kanta ta fito da su ta ɗora a kan jaka. Wani matashi a gefenta yana ta motsa baki yana haddar wani abu daga waya. Ta kasa kunne, sai ta ji yana cewa ya yi imani bambanci ƙarfi ne. Ashe rijiya ɗaya Auta da mutanen nan suke ɗiban ruwa.

Sai kusan azahar aka kira ta. Mutum uku ne a bayan dogon teburi. A tsakiya Manaja, mai ƙaton agogo, wanda rabin hankalinsa ke kan wayarsa. A damansa wata matashiya mai tabarau, jami'ar ɗaukar ma'aikata, ita ke riƙe da takardar tambayoyi. A can ƙarshen teburin kuma wani dattijo mai furfura, aka ce shi ne Injiniya, mai kula da injuna. Kujerar da aka ajiye mata tana gaban wata babbar taga, hasken rana na shigowa ta bayanta.

Tana gaishe su ta lura da dattijon. Ba idonta yake kallo ba, bakinta yake kallo, ya ɗan karkato da kansa, ya kanne ido. Uwar Wanki ta san wannan kallo kamar yadda ta san tafin hannunta, domin shekara goma sha ɗaya ta yi aiki da wata kurma mai guga. Ta kuma san mai irin wannan kallo ba ya samun komai daga fuskar da haske ke bayanta.

"Ranka ya daɗe," ta ce wa Manaja, "ko zan iya ɗan ja kujerar nan? Sanyin na'urar nan na dukan kafaɗata."

Manaja ya ɗaga hannu ba tare da ya ɗago kai ba. Ta ja kujerar zuwa gefe, ta juya ta yadda hasken tagar ya sauka a fuskarta, ta zauna tana fuskantar Injiniya sosai. Rana na ɗan shiga idonta, ta ƙyale. Ta kuma janye mayafin daga haɓarta.

Tambayoyin farko ba su ba ta wuya ba. Zafin ruwan da ake wanke kayan tiyata, yadda ake fitar da jini daga farin zane, abin da ke sa tawul ya yi tauri: waɗannan ko cikin barci aka tashe ta za ta amsa. Injiniya ya tambaye ta abin da za ta yi in injin matsewa ya fara rawa. Ta ce kafin ta kira makaniki za ta fara buɗewa ta ga ko wani malalaci ne ya jibga kayan a gefe ɗaya, don sau tara cikin goma ba injin ne da laifi ba. Dattijon ya yi murmushi, ya rubuta wani abu.

Sai mai tabarau ta juya shafi. "Malama, za mu ɗauki ma'aikata sittin daga wurare daban-daban. Ki ba mu labarin gogewarki wajen aiki da mutane masu bambanci."

Ga tambaya ta bakwai ta iso. Uwar Wanki ta tuna fuskar Auta, ta ja numfashi. "Na yi imani cewa bambanci ƙarfi ne, domin kowane mutum yana da..."

"Gudummawar da zai bayar," in ji Manaja, idonsa a kan waya. Ya yi 'yar dariya. "Yi haƙuri, Malama. Ke ce ta shida da kika faɗa mana haka yau. Ci gaba."

Mai tabarau ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Uwar Wanki ta ji zafi ya taso mata daga wuya har kunnuwa. Ba a taɓa yi mata dariya a kan aikinta ba, ko sau ɗaya, yau ga shi an yi mata a kan maganar da ba tata ba. Ranta ya ɓaci, kuma ita in ranta ya ɓaci tsoro barinta yake yi. Ta rufe fayil ɗin, ta ajiye shi a ƙasa kusa da ƙafarta.

"Gaskiyarka, ranka ya daɗe. 'Yata ce ta rubuta mini, ta kuma yi ƙoƙari, Allah ya yi mata albarka. Bari in ba ku nawa. Ba shi da daɗin ji kamar nata."

Manaja ya ɗago kai a karon farko.

"Mu goma sha huɗu ne a wurin da na bari. Yare biyar, addini biyu, mata da maza, da wata kurma mai guga, da wani gurgu a teburin ninki. Ga ƙarar injuna, ko yarenku ɗaya da mutum sai kun yi ihu. Kayan asibiti kuwa iri biyu ne. Akwai na ɗakunan masu cuta mai yaɗuwa, waɗanda ake dafawa daban da magani, akwai na sauran ɗakuna. In suka haɗu, an cuci marar lafiyar da bai ji ba bai gani ba. Sai na ce tun da baki ba ya haɗa mu, bari ido ya haɗa mu. Buhun haɗari a ɗaure shi da jar igiya, sauran da koriya. Ba ruwanka da karatu, ba ruwanka da yare. Na yi alfahari da dabarar nan ƙwarai, har nakan tsayar da baƙi in nuna musu."

Ta ɗan tsaya, ta ga Injiniya ya ajiye biro.

"Sai aka kawo mana wani mutum daga nesa, bakin teku, ba ya jin yaren kowa a cikinmu. Muka sa masa Baƙo. Ga ƙarfi, ga zuwa da wuri, ba ya ƙorafi. Wata huɗu lafiya lau. Rana ɗaya sai na tsinci jan buhu a layin kore. Wa ya ajiye? Baƙo. Na nuna masa, ya gyaɗa kai. Bayan kwana biyu ya sake. Na yi masa faɗa, ya gyaɗa kai. A karo na uku ba mu gani ba sai da kayan suka shiga inji. Wankin yini guda ya lalace, dole aka sake dafa komai, mutum goma sha huɗu suka rasa hutunsu."

"Sai kika kore shi," in ji Manaja.

"Na rubuta takardar korar. Amma kafin nan na yi abin da ya fi kora muni. Na tsaya a tsakiyar ɗakin wanki, a gaban kowa, na ce dama an gaya mini mutanen wajensu haka suke, kunnen ƙashi gare su, ba sa ganin girman kowa. Ni na faɗa, da bakin nan. Bai ji kalmomin ba, amma ya ga fuskata, ya ga yadda sauran suka sunkuyar da kai."

Mai tabarau ta daina rubutu. Uwar Wanki ta san a daidai nan ne Auta za ta ce ta gama kashe kanta, amma ta riga ta shiga, ba ta ga amfanin tsayawa a rabi ba.

"Kurma ce ta cece ni. Ita ba ta ji abin da na ce ba, ita kallo take yi, ta kuma daɗe tana kallonsa. Ta bar gugarta, ta zo ta ja ni da zane, ta ɗauko jar igiya da koriya ta sa masa a hannu, ta nuna jan ɗankwalin kanta, ta yi masa alamar ya ba ta mai irinsa. Ranka ya daɗe, mutumin nan ya dubi igiyoyin, ya dubi fuskokinmu, ya sake duban igiyoyin. Yana neman amsar a idonmu ne. Ya miƙa koriya."

"Ba ya bambanta ja da kore," in ji Injiniya a hankali.

"Tun haihuwa. Daga baya, da ya koyi yarenmu, ya gaya mini. Wata huɗun nan da bai yi kuskure ba, buhunan ya haddace ɗaya bayan ɗaya. Wannan mai faci a gindi na haɗari ne, wancan mai tabon tsatsa ba na haɗari ba ne. Buhu sama da tamanin ya riƙe a kansa, ni ko goma ba zan iya ba. Sai muka sayo sababbin buhuna, duk iri ɗaya, ba faci ba tabo. A nan ya ɓata. Ya kuma kasa faɗa, don wurin aiki biyu sun riga sun kore shi a kan haka. Ni kuwa da na ga kuskure, ban tambayi abin da idonsa ke gani ba. Inda ya fito na duba, don shi ne a kusa."

"Sai kika yi yaya?" in ji mai tabarau. Wannan tambayar ba ta cikin takardarta.

"Na yaga takardar korar. Washegari da safe na sa aka kashe injuna duka, abin da ba a taɓa yi ba sai in an ɗauke wuta. Na tara mutum goma sha huɗun nan a wurin da na ci mutuncinsa, na tsaya inda na tsaya jiya, na ba shi haƙuri. Ba yaren da zan faɗa masa ya ji, don haka na durƙusa. Ina shugabarsa, na kuma girme shi. Tun da a gaban kowa na zage shi, ban ga dalilin ba shi haƙuri a bayan ƙofa ba."

Ta buɗe jaka, ta lalubo guntuwar igiyar, ta ajiye a kan teburin. Ƙulli uku ne a jikinta, a jere, kowanne kamar ƙwallon dabino.

"Wannan kuma ba dabarata ba ce, tasa ce. Ashe masaƙin raga ne a garinsu. Shi ya ɗauki igiya a ranar ya yi wannan ƙullin, wanda ko an dafa shi sau ɗari ba ya kwancewa. Buhun haɗari ƙulli uku, sauran ba ƙulli. Ba mu bar launi ba, mai gani ya gani, amma kowa sai ya shafa bakin buhu kafin ya ɗauka. Sai ga shi abin da muka yi don mutum ɗaya ya amfani kowa. Ɗakin ajiyarmu duhu ne da shi, ga tururi na rufe ido, ga safar hannu mai kauri. Ƙullin nan duk ana jinsa. Shekara tara daga ranar har aka rufe wurin, buhu ɗaya bai sake ɓata layi ba. Ku tambayi asibitocin da muka yi wa aiki."

Ta faɗi wannan da ƙarfi fiye da yadda ta yi niyya, ba ta kuma ji kunya ba. Shekara taran nan nata ne, da na Baƙo, da na Kurma, ta kuma san wahalar da aka sha kafin a same su.

Manaja ya ɗauki igiyar da yatsa biyu, ya juya ta. "Malama, kin san abin da kika gaya mana? Kin gaya mana kin taɓa cin mutuncin ma'aikaci saboda asalinsa."

"Na sani. Na yi."

"Mu kuma nan na'ura ce ke buga takardun buhu. Ja da kore da ruwan ɗorawa. Ba ma aiki da igiya."

"Madalla da na'ura. Amma mutum sittin za ku ɗauka, ranka ya daɗe. Ba mamaki akwai irin Baƙo a ciki, akwai mai nauyin kunne, akwai wanda karatu bai zauna masa ba. Ba kuwa wanda zai gaya muku ranar intabiyu, don kowa na son aikin. Ni abin da na koya shi ne, in sabon ma'aikaci ya yi kuskure iri ɗaya sau biyu, ba na ɗaga murya. Zuwa nake yi in tsaya inda yake tsaye, in ga abin da yake gani daga nan."

Manaja ya ajiye igiyar, ya dubi agogonsa. "To, mun gode. Za mu neme ki."

Ta san wannan magana. Auta ta ce ita ake faɗa wa kowa, wanda za a ɗauka da wanda ba za a ɗauka ba. Ta ɗauki fayil ɗinta, ta yi sallama, ta fita. Sai da ta kai ƙarshen barandar sannan ta tsaya. Ta jingina da bango tana tunanin abin da za ta gaya wa Auta.

"Malama."

Injiniya ne, ya biyo ta da igiyar a hannu. Ta juyo ta fuskance shi sosai, haske a fuskarta, ba tare da ta yi tunani ba.

"Kin manta kayanki." Ya miƙa, amma bai saki ba. "Na'urar da kika ce tana dukan kafaɗarki, ni na kashe ta da hannuna tun safe. Ƙararta ke hana ni ji."

Uwar Wanki ta ce, "Ashe."

"Ashe," in ji shi, yana dariya ƙasa-ƙasa. Sai dariyar ta tsaya. "Shekara talatin a ɗakin inji, kunnen hagu ya tafi, na dama yana bin sa. Shekara biyu ina zama da mutanen can, sun ɗauka ni mai shiru ne kawai. Mutum shida suka shiga kafin ke, ban kama rabin abin da suka ce ba. Naki kuwa ko kalma ɗaya ba ta wuce ni ba."

"Ban yi don in tona maka ba, Baba."

"Na sani. Shi ya sa na biyo ki." Ya saki igiyar, sannan ya sake miƙo hannu. "Ko da yake, ara mini ita zuwa gobe. Mu uku ne, murya ɗaya gare ni. Amma yau mai shirun nan zai yi magana."

A gida Auta na bakin ƙofa, ta baro ofis da wuri. Kallo ɗaya ta yi wa uwarta ta gane.

"Kin ba su labarin Baƙo."

"Na ba su."

"Innalillahi. Har da zagin?"

"Har da shi."

Auta ta zube a kujera, ta ce shi ke nan, kwana shida sun tafi a banza. Uwar ta cire mayafi, ta ɗora ruwan shayi, sannan ta zauna ta ba ta labarin tun daga kujerar da ta ja har zuwa barandar. Da ta zo wurin kashe injuna da durƙusawa, Auta ta ɗago kai.

"Kin durƙusa masa? A gaban ma'aikatanki?"

"A gaban su duka."

"Mama, shekara tara ba ki taɓa gaya mini wannan ba. Ni abin da na sani kawai kin dawo kina kuka."

"Ba ki tambaya ba. Ke ma rabin da ke kusa kika ɗauka."

Auta ta daɗe tana kallon hannayen uwarta a kan kofi.

Kwana biyu aka yi ba labari. Uwar Wanki ta sake sauke labule. Ran na uku da hantsi, tana tsaye a kan kujera tana mayar da shi, waya ta yi ƙara. Ranar hutu ce, Auta na gida, ita ta ɗauka. Ta saurara, ta ce "E, 'yarta ce," ta sake saurarawa, idonta ya ciko. Ta rufe bakin wayar da tafin hannu.

"Mai tabarau ce. Ta ce ranar Litinin ƙarfe bakwai ki fara." Ta dubi uwarta. "Wai kuma Injiniya ya ce a tambaye ki. Ya gwada ƙullin nan yini biyu, ya kasa. Ko kin san inda mai shi yake?"

Uwar Wanki ta sauko daga kujerar a hankali, ta gyara ɗaurin zaninta. Daɗi ya cika ta har ta ji ƙirjinta ya yi mata kaɗan. Ta san inda yake kuwa. Wata biyar ke nan Baƙo yana dako a bakin kasuwa, don duk gidan wankin da ya je da launi suke aiki.

"Ce mata na sani," in ji ta. "Ce mata kuma ba shi kaɗai ba ne, akwai mai guga da ba su da irinta. In sun yarda, ranar Litinin mu uku za mu zo."

Auta ta faɗa, kalma bayan kalma, ba ta gyara ko ɗaya ba.